Jinjimi a Bakin Garka

Garin Akokan yana kusa da Arlit, a arewacin jihar Agadas, a wurin da sai a yi shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba. Ƙarfen yuraniyom ne ya kafa shi. Kamfanin COMINAK ya fara haƙo a ramin Akuta a shekara ta 1978, ya kuma rufe ranar 31 ga watan Maris na 2021, bayan ya fitar da kimanin ton 75,000. A cikin waɗannan shekaru an jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa domin ma'aikata da iyalansu. Ruwan wanka da wanki da ke fita daga gidaje aka riƙa tara shi a tabkuna, da shi kuwa mutane suka kafa garake a gefen gari, suka shuka salati da tumatir da albasa.

Duk inda ruwa ya kwanta a hamada, tsuntsu zai gano shi. Miliyoyin tsuntsaye ne suke ƙetare Sahara sau biyu a shekara tsakanin Turai da ƙasashen Sahel, kuma ɗan tabki da ƴan itatuwa sun isa su sauko da wanda ya gaji. Saboda haka mai garka a Akokan yana zaune ne a kan hanyar baƙi. Daga cikin baƙin da ya kamata ya iya ganewa akwai dangin jinjimi, waɗanda iri uku daga cikinsu sanannu ne a ƙasar Nijar.

YADDA AKE GANE SU

Na farko shi ne farin jinjimi, wanda Hausawa suka fi sani. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya yakan kai santimita 70, nauyinsa kimanin kilo ɗaya da rabi, in ya buɗe fikafikai kuwa sun zarce mita ɗaya. Jikinsa fari ne, kai da wuya baƙaƙe ne ba gashi, bakinsa dogo ne ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje. A bayansa akwai wani baƙin gashi mai sauka kan wutsiya. Wanda bai gama girma ba yana da gashi a wuya, fari da baƙi a cakuɗe. Ba ya cika kuka ba. Yana cin fara da tsutsa da kwaɗi da ƙananan kifaye, ba ya kuma ƙyamar juji ko mahauta. Mazauninsa kudancin ƙasa ne, a bakin kogin Isa da gonakin shinkafa na Yamai da Tilaberi, da tabkuna irin na Madarumfa kusa da Maraɗi. Da damina yakan bi ruwa ya ɗan hauro arewa, ya yi sheƙa a itace ɗaya da balbela, ya saka ƙwai biyu ko uku, su ƙyanƙyashe bayan kamar kwana 28.

Na biyu shi ne wanda Turawa suke kira hadada, saboda haka kukansa yake fita da asuba da almuru, da ƙarfi har ya tada mai barci. Girmansa ya kusa na farin. Launinsa toka-toka ne mai duhu, fikafikansa suna ƙyalli kore da shuɗi in rana ta buga su, akwai farin layi a kumatunsa da ɗan ja a saman bakinsa. A Nijar ana samunsa a kwarin kogi da gandun dajin W, inda akwai manyan itatuwa da ƙasa mai laima.

Na uku ya fi su ƙanƙanta. Daga nesa baƙi ne, daga kusa kuwa ja ne mai duhu da ƙyalli. Shi ne matafiyin cikinsu, domin wasu sukan taso daga Turai su ƙetare hamada su yi sanyi a fadamun Mali da tabkin Cadi. Shi ya fi dacewa mutumin arewa ya sa ido a kansa wajen watan Satumba da Oktoba, da kuma Maris da Afirilu lokacin komawa. Sauran biyun kuwa, duk ranar da ɗayansu ya sauka a garkar Akokan, ya yi nisa ƙwarai da gida, kuma wannan labari ne da bai kamata ya wuce ba a rubuta ba.

TSUNTSU MAI BIN AIKIN MUTUM

Dalilin rubutawa shi ne jinjimi yana bin abin da mutum ya yi wa ruwa. A Afirka ta Kudu, hadada ya bazu a ƙarni na 20 zuwa wuraren da da ba a san shi ba, saboda an gina madatsai, an dasa itatuwa, an kuma riƙa ban ruwa ga ciyawar tsakar gida. A unguwannin Johanasbag yanzu yana yawo a ƙofar ɗaki yana cusa baki cikin ƙasa mai laushi yana zaro tsutsa. In ƙasa ta bushe ta yi tauri ba ya iya cin abinci, sai ya tashi.

A Faransa, wani gidan dabbobi da ke yankin Biritaniya ya shigo da fararen jinjimi a shekarun 1970, ya bar su suna tashi sakaka. Suka hayayyafa a daji har suka kai dubbai, suna cin ƙwayayen waɗansu tsuntsaye, sai hukuma ta fara rage su daga shekara ta 2007.

Labarin Masar ya fi waɗannan nauyi. Mutanen zamanin Fir'auna sun girmama farin jinjimi, har suna zana abin bautarsu na rubutu da lissafi da kan wannan tsuntsu. Sun naɗe gawarwakinsa cikin ƙyalle sun jera a ramuka. A Sakkara an kiyasta sun fi miliyan ɗaya da rabi, a Tuna al-Jabal kimanin miliyan 4. Amma wajen shekara ta 1850 tsuntsun ya daina haihuwa a Masar, bayan da aka busar da fadamu aka mai da su gonaki. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa zana siffarsa ta rasa shi da rai.

Nijar ma ta ga yadda ruwa yake gudu. Farin 1973 da na 1984 sun ƙafar da tabkuna masu yawa, tabkin Cadi kuwa, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Abin da aka sani game da tsuntsayen ƙasar nan a wancan zamani ya fito ne daga ƴan mutane ƙalilan da suka riƙe littafi da alƙalami. Mujallar Malimbus ta buga jerin tsuntsayen arewacin Ayar a 1987, ta buga na ƙasa baki ɗaya a 1988. Tun daga nan an ci gaba da ƙari, har irin tsuntsayen da aka tabbatar a Nijar sun wuce 500.

ƊAUKAR HOTO DA RUBUTA SHAIDA

Da can kyamara sai mai hali. Yau wayar salula ta shiga aljihun manomi da makiyayi, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai dai hoto mai amfani yana da ƙa'ida. A ɗauka da sassafe ko da la'asar, rana tana bayan mai ɗauka, domin hasken tsakar rana yana wanke farin gashi har a kasa gane komai. A goge ƙura daga idon kyamara. Kada a tunkari tsuntsu kai tsaye. A tsuguna wuri ɗaya a bar shi ya matso da kansa yana kiwo. A ɗauke shi ta gefe yadda baki da wuya da ƙafafu za su fito, domin da su ake rarrabe iri. A ƙara hoto guda daga nesa mai nuna tabki ko garkar da ya sauka. Sheƙa kuwa ba a hawa itace domin ta, don in uwa ta tashi rana tana iya kashe ƴaƴan cikin ɗan lokaci.

Hoton da ba shi da kwanan wata da sunan wuri shaidarsa rabi ce. Nan ne aikin wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci yake. Layi biyar sun isa: rana da wata da shekara, sunan garka ko tabki, lokacin da aka gan shi, tsuntsu nawa ne, da abin da yake yi. In ya yi kuka a rubuta yadda kukan ya fita. In akwai zobe a ƙafarsa a lura da launinsa da lambar da ke jiki, domin masu bincike a Turai suna sa wa tsuntsaye zobe su gane inda suka je. Daga nan sai a kai wa ma'aikatan ruwa da daji na gari, waɗanda ake haɗa kai da su wajen ƙidayar tsuntsayen ruwa da akan yi a watan Janairu a ƙasashe da dama na Afirka.

Su ma shugabannin ma'aikatu da magadan gari suna da rabo a wannan aiki. Nijar ta sa gandun W cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 1987, ta ƙara tabkin Tabalak da ruwayen duwatsun Ayar a 2005. Amma tabkunan gefen gari, irin na Akokan da Arlit, ba su cikin wannan jeri, alhali makomar ruwansu ta rataya ne a kan makomar garuruwan tun da ramin Akuta ya rufe. In za a yanke shawara a kan wannan ruwa, ya kyautu a san abin da yake rayawa, daga tumatir ɗin mai garka har zuwa tsuntsun da ya taso daga ƙetaren teku. Littafi guda a ofishin ruwa da daji, da malamin yaƙi da jahilci mai karɓar rahoton ɗalibansa, sun isa a fara.