Kashi na Biyu: Inda Labari Ke Biyan Bashi

Duk wanda ya taɓa zama kan benci a gidan kallo a Bichi, Dambatta ko Kunchi, da kaka bayan an kai gero rumbu, ya san guna-gunin da ke tashi idan fim ya yanke ana tsakiyar rikici, aka ce a tari kashi na biyu. Mai gida ya kashe janareta, samari su watse suna cewa an ci kuɗinsu. Zargin yana da tushe. Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kasuwa ce ke riƙe da linzamin fim ɗin Hausa, kuma dillalan Bata da Ƙofar Wambai sun gane cewa in aka raba fim biyu, kaset biyu za a sayar. Amma bai kamata a yi wa kowane kashi na biyu kuɗin goro ba. Yankan kasuwa daban, ci gaban da labari ya nema da kansa daban, kuma wannan ci gaban sau da yawa ya fi na farko nauyi.

Dalili kuwa shi ne kashi na farko gabatarwa yake yi: wane ne wane, wa ke son wa, wa ya yi laifi. Sai a na biyu ake zaman hisabi, shi kuwa Bahaushe da sakamako yake auna labari. Dubi Wasila na shekarar 2000, wanda Yakubu Lere ya shirya, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, Ali Nuhu da Wasila Isma'il suka ja ragama. Cin amanar aure shi ya girgiza masu kallo da farko, amma tambayar da ta hana su sakat ita ce abin da zai biyo baya: shin nadama tana goge irin wannan tabo, kuma miji zai iya yafewa? Wannan tambaya ba ta amsuwa sai an ba labari fili. Haka abin yake a wasu ƙasashe. The Godfather na biyu, na 1974 a Amurka, shi ne ci gaban fim na farko da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim, domin ya nuna yadda mulki ya cinye magajin gidan har ya sa aka kashe ɗan'uwansa. Baahubali na biyu kuwa, na 2017, ya zarce na 2015 a kasuwa nesa ba kusa ba, saboda shi ya warware dalilin da amintaccen bawa ya kashe ubangidansa.

Wani zai ce ai sabo ne kawai: an riga an shaƙu da jarumai, ko ɗumame aka kawo za a karɓa. Sai dai sabo ƙara buri yake yi. Matashin da ya biya kuɗin shiga daga ladan ƙwadago, ko matar da ta aika yaro shagon caji a tura mata fim a waya, sun kwana suna saƙa yadda labarin zai kaya. In ci gaban bai kai hasashensu ba, kafin ranar kasuwa ta zagayo labarinsa ya gama gari, ba mai sake nema. Wani kuma zai ce mafi yawan irin waɗannan finafinai jan rai ne da waƙoƙi da tariyar baya. Gaskiya ne, amma wannan laifin marubucin da ba shi da abin faɗa ne. Ma'aunin a fili yake: shin mutanen labarin sun sauya, kuma kashin yana da farkonsa da ƙarshensa?

Wannan ma'auni ya fi muhimmanci a yau, domin finafinai masu dogon zango irin su Kwana Casa'in na 2019 da Labarina na Aminu Saira sun mai da ci gaba ginshiƙin sana'ar baki ɗaya. Ya kamata marubutanmu su koma ga tsofaffin kaset da faya-fayai, su tantance inda ci gaba ya ƙara wa labari daraja da inda ya zubar da ita. Wajibi ne kuma furodusoshi su adana waɗannan ayyuka a na'ura kafin zafi da ƙura su lalata su, domin ba a koyon darasi daga fim ɗin da ya ɓata.