Hunturu, Rufin Kwano da Kumfar Gwangwani: Abin da Na Gani a Bagudo

A tsakiyar watan Janairu wata hidimar dangi ta kai ni Bagudo, inda na yi kwana uku a gidan yayata. Duk wanda ya taɓa kwana a garuruwan bakin Kogin Kwara a irin wannan lokaci ya san yadda darin asubahi ke ratsa ƙashi, musamman a ɗakin bulo mai rufin kwano da ba a yi wa silin ba. Ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 a wasu darare, abin da Bature zai yi wa dariya, amma ga tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi da jaririn wata biyu ba abin wasa ba ne.

Da safiyar kwana na biyu na tarar da ɗanta, matashin da ke fatauci tsakanin Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin, ya jera gwangwanaye uku a gefen kaskon garwashi. Na tambaye shi, sai ya ce: "Kawu, kumfar toshe kafa ce. Sanyi ya hana ta fita, shi ne nake ɗan gasa ta." Ban tsaya ba shi amsa ba sai da na janye su daga wutar. A jikin kowanne an rubuta da Faransanci cewa kada a kusantar da shi ga wuta, kada kuma zafinsa ya haura digiri 50. Yaron yana cinikin kasuwa da Faransanci, amma bai iya karanta shi ba. Niyyarsa kyakkyawa ce: so yake ya toshe ratar da ke tsakanin bango da kwano a ɗakin mahaifiyarsa.

Sunan wannan kumfa foliyuretan. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai Otto Bayer ne da abokan aikinsa suka ƙirƙiro sinadarin a Jamus a 1937, kuma danginsa ne sosan katifar da muke kwana a kai da abin da aka cusa a bangon firji don riƙe sanyi. Idan an fesa ta takan kumbura ta cike rami, ta bushe, ta tsare ƙananan ƙwayoyin iska a cikinta, su kuma su hana zafi ratsawa. Kaya ce mai amfani. Sai dai an tsara ta ne da sharuɗɗa, hunturunmu kuwa ya saɓa wa kusan dukkansu.

Sanyi yana sa ruwan da ke cikin gwangwanin ya yi kauri, ƙarfin iskar da ke tunkuɗo shi ya ragu, shi ya sa masu ƙera ta ke so a yi aiki da ita gwangwanin na wajen digiri 20. Maganin hakan ruwa ne mai ɗan ɗumi a bokiti, ko kuma a jira hantsi ya dubi ludayi. Wuta kam haramiyarta ce, domin iskar da ke ciki 'yar'uwar gas ɗin girki ce. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne, irin wannan kumfa da danshin iska take bushewa. A lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ke bushewa kafin a gama shanya, danshin nan babu shi. Sai kumfar ta yi ɓawo a waje cikinta yana danƙo, ko ta ƙi tashi yadda ya kamata. Dole a share ƙura, a yayyafa wa wurin ruwa kaɗan, a fesa ta sannu-sannu. In an cika ta a jikin taga, kumburinta na iya tanƙwara katako har ƙyaure ya ƙi rufuwa. In kuma an bar ta a rana ba fenti ba yaɓe, sai ta yi ja ta riƙa marmashewa.

Akwai batun lafiyar mai fesawa. Kafin ta bushe tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda aka daɗe da sanin yana haddasa asma ga ma'aikatan da ke shaƙarsa. Safar hannu, tabarau, buɗaɗɗun tagogi, da fitar da yara daga ɗakin, duk wajibi ne. Bayan ta bushe kuma tana cin wuta, hayaƙinta guba ne. A watan Janairun 2013 gobara ta kama sosan foliyuretan da aka liƙa a rufin wani gidan rawa a garin Santa Mariya na ƙasar Barazil, mutum 242 suka rasu, akasarinsu hayaƙin ne ya kashe su.

Amma abin da ya hana ni barci a daren ba wannan ba ne. Kaskon nan ne. A yankinmu al'ada ce a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba yakan fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200. Farkon alamarta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, abin da a gida za a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko shafar iska. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa balle ya yi ƙorafi. To, ratar nan ta saman bango da muke zargi da shigo da dari, ita ce ta daɗe tana fitar da wannan guba ba tare da an gode mata ba. Wanda ya toshe ta da kumfa ya bar kasko a ɗakin, ya mayar da ɗakin tulu mai murfi. A ganina, sayar wa mutum wannan gwangwani ba tare da gaya masa haka ba sakaci ne da rayuka.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya game da iyakar amfaninta. Gwangwanin hannu na cike kafa ne kawai. Rufin kwano yana zubar da ɗumin ɗaki ta dukkan faɗinsa da dare, kamar yadda yake zubo wuta a watan Afrilu idan zafi ya haura digiri 40. Lulluɓe shi duka aiki ne na inji da ƙwararru, kuma ko a Ingila, inda aka yi ta fesa kumfa a ƙarƙashin rufi, bankuna da dama sun koma suna ƙin ba da bashin sayen irin waɗannan gidaje, don tsoron danshin da ke maƙalewa ya ruɓar da katako a ɓoye. A nan kuwa sai a ƙara da gara, wadda za ta samu mafakar da ido ba ya gani.

Kakanninmu sun warware wannan matsala da soro: bango mai kauri da rufin azara da ƙasa, ya sha zafin rana ya sake shi cikin dare. Ba na cikin masu kukan a koma jiya. Soro yana son yaɓe kowace shekara, giginya ta yi ƙaranci, wanda kuma ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gidajen ƙasa a Jihar Kebbi ba zai zargi mai gudu zuwa bulo da kwano ba. Kuskurenmu shi ne mun karɓi kwanon mun bar abokin tafiyarsa, wato silin. Ko na zana ne ko na tabarma, matuƙar ya bar tazarar iska tsakaninsa da kwano kuma an nisanta shi da wayar lantarki, zai yi aikin da gwangwani goma ba za su yi ba, a hunturu da bazara baki ɗaya.

Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da jami'an kwastam na kan iyaka suna da hakkin duba kayan da ke shigowa da gargaɗi cikin harshen da mai saye ba ya karantawa. Gidajen rediyon jihar da ma'aikatan asibitocin karkara za su iya sanya maganar garwashi cikin faɗakarwar hunturu. Mu ma malaman jami'a da laifinmu: muna koyar da ɗalibai lissafin gine-ginen ƙasashen ƙanƙara, ɗakin da iyayensu ke kwana kuwa bai taɓa shiga jarrabawa ba.

A gidan yayata mun yi amfani da gwangwani ɗaya, da azahar, a gefen taga da gindin ƙofa. Ratar saman bango muka bar ta a buɗe ta ɓangaren yamma, inda iskar hunturu ba ta bugowa. Sauran biyun yaron ya mayar, ya cika kuɗi aka kira kafinta ya auna silin. Ita kuwa Yaya, da ƙyar ta yarda a riƙa fitar da kaskon tsakar gida kafin ta kwanta, bisa sharaɗin in aiko mata da bargo na biyu.