Kyanwa Mai Gadin Rumbu Ita Ma Tana Bukatar Allura

'Yan'uwa manoma, in malamin dabbobi ya zo gari, kowa yakan kora shanunsa da awakinsa, waɗansu har su jawo karnuka. Kyanwa kuwa ba mai tunawa da ita. Alhali ita ce take kwana a gindin rumbu tana hana ɓeraye ɓarnar hatsin da muka sha rana muka noma. Ɓeran gida ba hatsi kaɗai yake ci ba. Wani irinsa shi ne yake kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu.

Babbar allurar da ta wajaba ita ce ta haukan kare. Kada sunan ya ruɗe ku, cutar tana kama kyanwa ma. Muzuru mai yawon dare yakan gamu da mahaukacin kare, a cije shi, ya komo gida ba wanda ya sani. Bayan 'yan makonni ko watanni sai halinsa ya sake: ya riƙa ɓuya, ko ya faɗa wa mutane da cizo da yakushi, miyau yana zuba. Su wa suke wasa da kyanwa? Yaranmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara. Yawancinsu ta cizon kare ne, amma na kyanwa ma yana kisa, kuma da zarar alamun sun bayyana ga mutum, ba magani.

Ana yi wa 'yar kyanwa allurar in ta kai wata 3, sa'an nan a maimaita kowace shekara. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana yin maganin rigakafin nan, akwai kuma na ƙasashen waje. Ku bar malamin ya zaɓa, gama ba kowane na kare ne ya dace da kyanwa ba.

Maganin yana lalacewa in ya sha zafi, dole a ɗauko shi cikin ƙanƙara. Ga inda ƙungiya take da amfani. Ba malamin da zai hau babur ya yi tafiya mai nisa saboda kyanwa guda. Amma in ƙungiya ta sa rana, aka tara karnuka da kyanwoyin gari duka, aka haɗa kuɗin mai, abin zai zo da sauƙi. A kawo kowace kyanwa cikin kwando mai murfi, nesa da karnuka, magatakarda kuma ya rubuta sunan mai ita da ranar allura.

A ranar ku nemi maganin tsutsar ciki, ku kuma tambayi allurar cutar amai da zawo mai kashe 'ya'yan kyanwa. Kada a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka nan maganin kaskar shanu ko na ƙumar kare. Mai zuba gubar ɓera kuma ya kwashe mushen ya binne kafin kyanwa ta ci.

In kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ran nan. Kyanwar kuma a tsare ta kwana 10 ana dubanta, a sanar da malamin dabbobi.