Daga Kwalin Tasha Zuwa Kwantena: Wa Ya Mallaki Dabarun da Ke Kawo Mana Saƙo?

Zangon karatun da ya wuce Inna ta aiko min da saƙo daga Saji: garin ɗanwake, ƙuli-ƙuli, yaji da 'yar daddawa, duk a cikin kwalin taliya an ɗaure da tsumman atamfa. Ɗan acaɓa ya kai shi Rano, aka miƙa wa direba, aka rubuta lambar wayata da biro a jikin kwalin. Ruwa ya taɓa kwalin a hanya, lamba ɗaya ta goge. Kwana uku ina sintiri a tasha, ɗan kamasho na ce min "ka dawo anjima, motar ba ta shigo ba", alhali kayan suna nan a lungu an jibga buhun wani a kai. Da na karɓa, ƙuli-ƙulin ya riga ya koma gari.

A satin nan kuma wani abokin ɗakina ya yi odar cajar laftof daga Chana. Yana kwance a kan katifa yana duba waya, yana faɗa mana an ɗora kaya, sun sauka Legas, sun taso Kano. Kayan da suka keto teku an san inda suke kowace rana, nawa da bai fita daga jihar Kano ba ya yi ɓatan dabo. Dalili kuwa, kayansa sun bi ta cikin wasu dabaru da mutane suka zauna suka ƙirƙira, suka kuma yi musu rajista da sunansu. Takardar wannan rajista ita 'yan boko ke kira fatent. Ba faten tsaki ba, don Allah. A nan za mu ce mata takardar mallakar ƙirƙira.

Ciniki ne tsakaninka da hukuma. Kai za ka bayyana yadda abin da ka ƙirƙira yake aiki, dalla-dalla, har da zane, ta yadda duk mai ilimin fannin zai iya haɗa shi. Ita kuma hukuma ta ba ka ikon hana kowa ƙera shi, sayar da shi ko shigo da shi ƙasar ba da izininka ba, na wani wa'adi. A Najeriya wa'adin shekara 20 ne daga ranar da ka shigar da takardar nema. In ya cika, dabarar ta zama ta kowa.

Shi kansa kwalin da Inna ta zuba kaya a ciki yana da irin wannan tarihin. Ka yage gefen kwali ka duba, za ka ga wata takarda mai lanƙwasa kamar kwanon rufi a tsakiya. A 1871 wani Albert Jones a birnin New York ya yi wa takarda mai lanƙwasar rajista don naɗe kwalabe, a 1874 kuma Oliver Long ya ƙara mata shafaffiyar takarda a jiki don kada ta miƙe. Wannan lanƙwasar ce ke shanye bugu.

Labarin da ya fi shafarmu shi ne na zanen layi-layin nan baƙi da fari da ke jikin kwalin magani da robar lemo, wato bakod. A makarantar fasaha aka haife shi. A 1948 Bernard Silver yana ɗalibi a Drexel, wata cibiyar koyon fasaha a Philadelphia ta Amurka, sai ya ji wani mai manyan kantuna yana roƙon shugaban tsangaya a samo masa hanyar da na'ura za ta riƙa gane kaya da kanta a wurin biyan kuɗi. Shugaban bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Silver ya kai wa abokinsa Norman Joseph Woodland. Woodland ya taɓa koyon saƙon Morse, mai ɗigo da ja, tun yana sikawut. Wata rana yana zaune a bakin teku a Miami ya tsoma yatsu cikin yashi ya ja, sai ya ga ai ɗigo da ja in ka miƙar da su ƙasa sun zama siririn layi da kakkauran layi. Suka shigar da takarda a watan Oktoban 1949, aka ba su lamba 2,612,994 ranar 7 ga Oktoba, 1952. Zanensu na farko ma zagaye ne, da'ira cikin da'ira, don a iya karanta shi ta kowane gefe.

To, sai me? Sai shiru. Babu hasken leza a lokacin, kwamfuta kuma ɗaki guda take ci. Suka sayar wa kamfanin Philco takardar a kan dala 15,000, wa'adinta ya ƙare a 1969. Sai ranar 26 ga Yuni, 1974 aka fara haska bakod irin na yau a kanti, a garin Troy na jihar Ohio, a jikin fakitin cingam na Wrigley's, kuma da fasalin layi a miƙe da George Laurer na IBM ya tsara. Silver bai ga ranar ba, ya rasu tun 1963. Abin da ake haskawa a kowane kanti a duniya yau, masu shi dala 15,000 kaɗai suka gani. Takarda ba ta buga kuɗi. In ka riga zamaninka da yawa, wa'adinka zai ƙare kafin kasuwa ta iso.

Bakod ba ya ɗauke da labarin kaya, lamba ce kawai da na'ura ke iya karantawa cikin ƙiftawar ido. Duk wurin da kunshi ya tsaya, ma'aikaci ya haska, kwamfuta ta rubuta lamba kaza ta iso wuri kaza da ƙarfe kaza. Jerin waɗannan haskawar abokina ke gani a wayarsa. Af, in ka ga bakod ya fara da 615, a Najeriya aka yi rajistar lambar. Hakan ba ya nufin lallai a nan aka ƙera kayan.

Sai babban yaya, kwantena. Malcom McLean direban babbar mota ne daga jihar North Carolina wanda ya zama mai kamfanin sufuri. A zamaninsa, in mota ta kai kaya tashar jirgin ruwa, 'yan dako ne ke sauke su buhu-buhu, kwali-kwali, su sake jera su a cikin jirgi, kamar dai yadda ake lodin tirela a kasuwar Dawanau. Jirgi kan shafe kwanaki a tsaye, ga sata, ga fashewa. McLean ya ce me zai hana a ɗaga akwatin motar gaba ɗaya a ɗora? Ranar 26 ga Afrilu, 1956 wani tsohon jirgin dakon mai da aka gyara, mai suna Ideal X, ya tashi daga Newark zuwa Houston da akwatuna 58. Da aka yi lissafi, lodin da ke cin dala 5.86 a kan kowane tan ya dawo kusan santi 16. A 1958 McLean ya samu takardar mallakarsa.

Amma sirrin kwantena ba a akwatin yake ba, kowane mai walda zai iya haɗa akwatin ƙarfe. In ka wuce ta gaban kwantenar da aka mayar shagon caji ko kemis, tsaya ka dubi kusurwoyinta takwas. Kowace tana da dunƙulen ƙarfe mai rami. A cikin ramin ake zura wani makulli a murɗa, sai ya kama kwantena da motar da ke ɗauke da ita, ko da 'yar'uwarta da ke sama, ko da ƙugiyar da za ta ɗaga ta. Injiniya Keith Tantlinger ne ya tsara wannan. Matsalar ita ce kowane kamfani da girman akwatinsa da irin makullinsa, na wannan ba ya hawa jirgin wancan. Daga baya kamfanin McLean ya yarda ya saki haƙƙinsa kyauta don hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta mayar da shi na kowa, kuma a ƙarshen shekarun 1960 aka tsayar da ma'auni ɗaya. Shi ya sa kwantena mai ƙafa 20 ko 40 da aka cika a Guangzhou za ta hau jirgi, ta sauka Apapa, ta hau tirela har tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, ba tare da an sake mata mazubi ba.

Irin wannan kyautar aka sake yi da lambar QR, mai murabba'in nan da muke haskawa da waya. Masahiro Hara na kamfanin Denso a Japan ya fito da ita a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta, saboda bakod ya yi kaɗan ga bayanan da suke so. Kamfanin yana da takardar mallaka, amma ya ce ba zai karɓi ko sisi daga masu amfani da ita ba. A ganina da sun tsaya karɓar kuɗi, da ba ta kai ko'ina ba. Akwai kuma masu tara takardu don tsare gida: a Disambar 2013 Amazon ya samu takarda a kan tura kaya kusa da unguwarku tun kafin ka yi oda, bisa hasashen abin da za ka saya. Ba duk abin da aka yi wa rajista ake ginawa ba, wani don a tare wa abokin gasa hanya ne kawai.

Mu dawo gida. Duk wanda ya taso a yankin Rano, Kibiya, Bunkure da Kura ya san lokacin tumatir, ya san Kwanar Gafan. Ana jera kwanduna a tirela, wani kan wani, a nufi kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Nauyin na sama a kan tumatirin na ƙasa yake sauka, shi ya sa za ka ga mota na tafe ruwan tumatir na ɗiga a kwalta. Kwandon roba mai kusurwa ya magance wannan, don nauyin a jikin robar yake sauka. Amma ka tambayi dillali me ya sa har yanzu bai rabu da kwandon gargajiya ba, zai ce maka na roba da tsada, kuma wa zai biya kuɗin dawo da shi Kano fanko? Ga aikin injiniya a fili: mazubi mai araha, mai shan iska, mai naɗewa in ya zama fanko, wanda za a iya yi da kayan da ke kusa. Kada wani ya ce wannan ya yi ƙanƙanta. Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, tukunya ya saka cikin tukunya ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa yin makonni ba su lalace ba, kuma a 2000 ya karɓi kyautar Rolex a kan haka. Sai dai tukunyar ƙasa ba ta jure gargadar hanya, don haka sanyaya kaya a bisa mota da araha yana nan yana jiran mai shi. 'Yan'uwanmu na makarantar fasahar karkara da ke Rano, ku ne a bakin gonar.

Yanzu ga inda nake so 'yan ND II da HND II su buɗe kunne. Dokar da ke aiki a nan ita ce ta mallakar ƙirƙira da zane ta 1970, rajistar kuma tana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Sharuɗɗa uku ne: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda duk ma'abocin fannin zai hango da sauƙi ba, kuma a iya ƙera shi ko amfani da shi a sana'a. Gyaran da ka yi wa ƙirƙirar wani ma yana iya samun takarda in ya cika sharuɗɗan.

Kalmar "sabo" ita ce tarkon. A wurin doka, duk abin da ya riga ya fita ga jama'a, a ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, kafin ranar da ka shigar da takarda, ya daina zama sabo, ko da kai da kanka ka fitar da shi. Wato in ka haɗa na'urarka ka yi mata bidiyo kana bayanin cikinta ka ɗora a TikTok don a yi maka "Allah ya ƙara basira", wallahi kana iya kashe haƙƙinka da hannunka. Haka in an ajiye furojet ɗinka a laburare kowa na ɗauka. Sassaucin da dokar ta yi ɗan kaɗan ne, na wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata 6 kafin ya nema. Sannan wanda ya riga shigar da takarda shi doka ta fara sani, ba wanda ya riga yin tunani ba.

Abu na biyu, ofishin rajistar yana duba cikar takardu ne, ba ya zurfafa binciken ko abin sabo ne da gaske. Ana ba ka takardar ne a kan alhakinka, in wani ya ja da kai kotu ce za ta raba. Don haka binciken naka ne. Shiga Google Patents ko Espacenet, kyauta ne in ban da data, ka rubuta sunan abin da kake son yi. Sau da yawa za ka tarar wani ya yi shi tun kakanka na saurayi. Kada ranka ya ɓaci, ai riba ce: takardar da wa'adinta ya ƙare littafin koyarwa ce da zane-zanenta, kowa na iya ginawa a kai. Ni da ana jin shawarata, da babin bitar ayyukan magabata na kowane furojet ɗin injiniya sai an sa takardun mallaka aƙalla biyu a ciki, maimakon kwafe-kwafen da muka saba.

Kafin difens, ka zauna da sufabaizanka ku yi maganar wa ke da me. Dokar ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, don haka in da hannun malami, ko kuɗin makaranta, ko kamfanin da ka yi SIWES a ciki, gara a rubuta rabon kowa tun ana dariya. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardunsu, kuma ta buɗe ofisoshin kula da mallakar fasaha a manyan makarantu da dama. Ka tambayi sashen bincike na makaranta ta inda ake bi. In siffar abin ce sabuwa ba yadda yake aiki ba, misali fasalin kwandon, rajistar zane za ka nema, mai shekara 5 da ake iya sabuntawa sau biyu. Takardar mallakar ƙirƙira kuma ana biya mata kuɗi duk shekara, in ka daina biya ta mutu.

Kuma takardar Abuja iyakarta Najeriya. In kana hangen kwandonka zai yi kasuwa a Maraɗi ko Damagaram, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, can za ka sake nema daban.