Kundin Waƙa Mai Ƙamshin Gida: Ra'ayin Mai Sauraro Daga Kudancin Kaduna

Daga Jere zuwa Kafanchan, da wuya yanzu ka tarar da matashin da ya zauna ya saurari kundin waƙa tun daga farko har ƙarshe. Zamanin kaset ya wuce, na faifan CD ma ya bi bayansa. Abin da ake yi shi ne a miƙa wa mai tura waƙa memori a ce "zuba min masu tashe", ko a buɗe Audiomack da Boomplay, ko Spotify da ya shigo Najeriya a 2021. Waƙa ɗaya takan cika gari wata biyu, sannan a neme ta a rasa. A ganina mun yi asara a nan, domin a cikin kundi ne ake gane zurfin mawaƙi, kuma kundin da ke daɗewa shi ne wanda aka ji ƙasar mai shi a cikinsa.

Dalilin wannan sauyi a fili yake. A da, mai sayen kaset kuɗin waƙa takwas ko goma yake biya a dunƙule, don haka dole mawaƙi ya tsara su, ya san wadda za ta buɗe da wadda za ta rufe. Manhajojin yau kuwa bisa yawan saurare suke biya, kuma TikTok ya koya wa kunne haƙurin daƙiƙa talatin kacal. Shi ya sa waƙar pop ta zamani take gaggawar kai ka ga amshi. Ba laifi ba ne, kuma wanda ya ga yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye gidaje a 2020 ya san wannan ma gwaninta ce. Sai dai akwai wani layi na daban, na mawaƙa masu cin gashin kansu, waɗanda ba babban kamfani ke yanke musu abin da za su rera ba. A Turai da Amurka irinsu suna da yawa a kiɗan rok, inda mutum uku ko huɗu ke haɗuwa da jita da ganguna su buga da hannunsu.

Kudancin Kaduna ba baƙo ba ne a wannan harka. Audu Maikori, lauya ɗan ƙabilar Ham daga Kwoi, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Chocolate City, kuma mawaƙin da suka fara ɗauka shi ne Jeremiah Gyang na Jos. Kundinsa "Na Ba Ka" ya nuna wa Legas cewa ana iya ɗora Hausa a kan jita da salon zamani ba tare da ta zama abin kwaikwayo ba. Har yau ina jin sa sabo, saboda Hausar cikinsa irin tamu ce, ta coci da kasuwa da tashar mota, wadda Bajju da Atyap da Birom ke magana da juna da ita. Daga wannan kamfani ne M.I Abaga ya fitar da "Talk About It" a 2008, Ice Prince kuma ya biyo da nasa kundin na farko a 2011. Kundin M.I ya fi ƙarfi wajen sarrafa magana, amma na Gyang ya fi kama zuciya.

A fagen waƙoƙin yabo, Solomon Lange, ɗan Chawai a ƙaramar hukumar Kauru, ya yi abin da mawaƙan pop da yawa suka kasa. Waƙoƙin kundayensa "Na Gode" da "Alheri" sun bar faifai sun shiga bakin jama'a, har ƙungiyoyin mawaƙan coci na ƙauye suna rera su ba tare da wani injin kiɗa ba. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowace waƙa: a kashe lantarki, a ga ko za ta tsaya da ƙafarta.

Ga mutanen Jere kuwa, inda Gbagyi suke da tushe mai zurfi, kundin da ya fi cancanta a nema shi ne "Gbagyi Child" na Bez Idakula, ɗan jihar Nasarawa, wanda ya fito a 2016. Kundinsa na farko, "Super Sun" na 2011, ya fi santsi, ya fi sauƙin shiga kunne, amma ana iya ɗauka daga kowane babban birni ya fito. A na biyun ne ya juyo gida, ya haɗa jitar rok da kiɗan mutanensa, ya sa sunan ƙabilarsa a goshin aikin. Bai yi tashe a gidajen rawa ba, amma ni a wurina ya fi na farkon nauyi, domin mutum ne ke faɗa maka ko shi wane ne.

Babban darasi yana zuwa ne daga Nijar. Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita da hannun hagu, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa "Anar" a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da aka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara, har Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji su ya nemo mai su. A 2021 kamfanin Matador, ɗaya daga cikin fitattun gidajen rok masu zaman kansu a Amurka, ya fitar da kundinsa "Afrique Victime". Bai bar harshen Tamashek ba, bai sassauta kiɗan bikin Agadas ba, kuma abin da duniya ta saya ke nan. Ɗan ƙasarsu Bombino ma da kundin "Deran" na 2018 ya shiga jerin masu takarar kyautar Grammy.

To, mu me muka rasa? Kafanchan mahaɗar jirgin ƙasa ce tun 1927, garin da Hausa da Ibo da Yarbawa da 'yan ƙasa suka daɗe suna jin kiɗan juna. Duk ranar 1 ga Janairu ƙahonni da gangunan bikin Afan suna tashi a gindin duwatsun Kagoro. A Kwoi akwai bikin Tuk Ham. A kusan kowane ƙauye Zumuntar Mata na da amshi da kiɗan tulu da ba a samun irinsa a wani wuri, kuma cocinan yankin sun cika da samarin da suka iya jita da ganguna. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Abin takaicin shi ne yaron da ya tashi a cikin wannan arziki, da ya shiga sutudiyo sai ya ajiye shi a bakin ƙofa ya ari muryar Legas. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu masu sauraro ma da namu nauyin. Kundi kamar tuwo da miya ne, ba a yi masa hukunci da loma ɗaya. Mu ba shi minti arba'in ɗinsa, mu saya ta hanyar da kuɗi zai kai ga mai shi, mu gayyaci mawaƙan gida bukukuwanmu mu biya su da mutunci. Gidajen rediyon Kaduna da Kafanchan su ware lokacin da za a sa kundi guda a tattauna shi. Masu hali daga yankin kuma su zuba jari a ɗakunan naɗar sauti da za su iya ɗaukar makaɗa biyar a lokaci ɗaya. In aka yi haka, kundin rok ko pop da aka rera da harshen Tyap, Jju, Hyam ko Gbagyi zai samu masu saye a gida, kuma tarihin Mdou Moctar ya isa shaida cewa na waje ma za su zo nema.