Filin Wasa Da Neman Abinci A Madina

Jama'a, yau ga magana a kan Madina, unguwar nan ta bayan birnin Ankara, kusa da Jami'ar Legon. Cikin shekarar 1959 Alhaji Seidu Kardo da mutanensa suka kafa ta. A lokacin duk daji ne, yaro ya buga ƙwallo inda ya ga dama. Yanzu kuwa gari ya cika maƙil, har cikin 2012 Gwamnati ta ba shi majalisar kansa, watau La Nkwantanang-Madina.

To, mutane sun yi yawa, aikin albashi ya yi kaɗan. Yawancinmu a kasuwa muke samun abinci: wannan mai tireda, wancan tela, ga direba da yaron motarsa, ga masu dako. Saurayi ya gama makaranta, ya yi ta yawo da takarda. In bai dace ba, sai ya nemi inda zai ajiye kwantena ya kasa haja. Ina wurin? Sai ido ya koma kan filin unguwa. Yau kwantena ɗaya a gefe, gobe tashar mota, jibi an ja katanga.

Ba mu ga laifin mai neman halaliyarsa ba. Amma fili ba kango ba ne. Nan ake sallar Idi, nan samari ke motsa jiki maimakon zaman banza. Ran da aka yi wasa kuwa, mai koko da mai wake da shinkafa duk sukan yi ciniki. Mohammed Kudus ma a filayen Nima ya fara ƙwallo, kafin ƙungiyar Ajax ta ƙasar Holan ta ɗauke shi cikin 2020.

Cikin 2017 Majalisar Dokoki ta amince da dokar Asusun Raya Zango, kuma Madina tana cikin wuraren da aka shimfiɗa wa filin ciyawar roba. Madalla. Amma fili ɗaya ba ya isar gari kamar wannan.

Saboda haka muna roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su haɗa kai, su tafi majalisa. A auna sauran filayen, a kafa duwatsun iyaka, a yi musu takarda a Hukumar Filaye da sunan jama'a. Sa'an nan a nemi majalisa ta keɓe wa samari wurin rumfuna a bayan iyaka. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Allah ya ba mu haɗin kai, amin.