Shaidun da ke Bayan Tsohon Cokali

Azurfa tsantsa, saboda taushinta, ba ta yin cokali mai ƙarko sai an gauraya ta da jan ƙarfe, kuma duk inda aka halatta gauraye an buɗe wa algus ƙofa, tun da ido ba ya iya ƙiyasta abin da aka zuba. Saboda haka ne a shekarar 1300 Sarkin Ingila Edwad na Ɗaya ya kafa dokar cewa kada a sayar da kayan azurfa sai amintattun maƙera sun jarraba su, sun tabbatar akwai azurfa kashi 925 cikin 1000, sa'an nan su buga musu hatimin kan damisa. Hikimar wannan hukunci a sarari take: da'awar mai kaya ba ta zama hujja sai da shaidar wani.

Wanda ya juya tsohon cokalin Ingila, ya goge bayan mariƙinsa, ya sa gilashin ƙara girma, zai tarar da 'yan hatimai a jere, kowane da tasa shaida. Alamar maƙeri, wadda ta samo asali daga wata doka ta 1363, ita ke nuna wanda za a tuhuma in an sami ha'inci. HB, alal misali, alamar Hester Bateman ce, wadda ta yi rajistarta a Landan a 1761. Zaki mai tafiya da ƙafa ɗaya a ɗage, tun 1544, yana shaidar ingancin azurfar. Garin da aka yi jarrabawa ma yana da tambarinsa: damisa ta Landan, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ta Bamingham, kambin sarauta na Shefil, waɗannan biyu an soma su a 1773, sai dai an daina buga kambin tun 1975. Akwai kuma harafi guda mai sakewa kowace shekara, wanda aka soma a 1478, sai dai ba ya ba da tarihi har sai an gwada siffarsa da jadawalin garinsa. In kuwa an ga kan sarki ko na sarauniya, galibi alamar biyan haraji ce tsakanin 1784 da 1890.

Lamarin ya rikice bayan 1840, lokacin da gidan Elkington na Bamingham ya sami izinin shafa wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki. Masu wannan sana'a suka riƙa jera haruffa cikin 'yan akwatuna masu kama da na hukuma, alhali babu zaki a cikinsu. EPNS ko A1 shafe suke nufi, kuma gindin cokali da bakin yatsun cokali mai yatsu, inda suka sha guga, sukan tona launin da ke ƙasa.

Salon mariƙi yana taimakawa: Hanoverian bakinsa ya lanƙwaso sama, Old English ya sunkuya, Fiddle yana da kafaɗu, King's kuwa cike yake da ado. Amma har yau ana ƙera su, don haka salo ishara ce kawai, hatimi shi ne hujja.

Ga Musulmi wannan ilimi ya wuce batun farashi, domin shari'a ta hana ci da sha a kayan zinariya da azurfa, malaman fiƙihu kuma sun yi saɓani game da wanda aka yi wa shafe. Ya wajaba ke nan ga wanda ya gaji irin wannan cokali, ko ya tsince shi a gwanjo, ya karanta bayansa kafin ya sa shi a akushi ko ya yanka masa kuɗi.